Sahun Gaba a Jana'izar Emile Sabatier

Ranar da na karanta ƙarshen labarin fim ɗin Emile Sabatier, sai da na yi jifa da takardun suka watse a tsakar ɗaki, sannan na durƙusa na tattara su, don karanta su shi ne aikina. Kamfanin fim ɗin ne ya ɗauke ni in riƙa ba su shawara kan tarihi. Sun ce saboda a kan rayuwar Emile na yi digirina na biyu, kuma shi yayan kakata ne. Daga baya na gane abin da suke so: sunan wani daga dangi a jikin fim ɗin, bakinsa kuma a rufe.

Duk wanda ya tashi a New Orleans ya san Emile, in bai san fuskarsa ba ya san kiɗan piyanonsa. Ya rasu kafin a haife ni. Abin da unguwarmu ta sani, jaridu kuma suka yi shekaru suna kau da kai, shi ne Emile namiji yake so, kuma namiji ɗaya ya so: Wendell Marchand, telan da ke ɗinka masa kwat. Kusan shekara arba'in suna gida ɗaya, suna faɗa a kan gishirin miya.

Fim ɗin bai ɓoye wannan ba, kuma da hakan Garrett, daraktan, yake taƙama. Matsalar tana ƙarshe. A takardunsa, ranar jana'iza, Mama Zerline, mahaifiyar Emile, ta tare Wendell a ƙofar coci ta kore shi. Sai ya koma can ƙarshen jama'a, yana bin akwatin gawa daga nesa, yana kuka shi kaɗai.

Ƙarya ce tsagwaronta. A jana'izarmu dangi ne a sahun gaba, dab da akwati, 'yan badujala na busa taken makoki, jama'ar gari na biye a baya. Ranar da aka binne Emile, Wendell da kansa ya laɓe a baya don gudun magana. Mama Zerline ce ta ratsa jama'a, ta damƙo hannunsa, ta jawo shi gaba, ba ta kuma sake shi ba har makabarta.

Ranar da na karanta takardun Litinin ce, don haka na san inda zan sami Wendell: a barandar kakata Eulalie, ƙanwar Emile, gaban kwanon jan wake da shinkafa. Tun rasuwar Emile bai taɓa fashin waken Litinin a gidan ba.

"Ga Farfesa nan," in ji shi, da ya hango ni. "Eulalie, ɓoye kwanukan tangaran, yau da wuta ta zo."

"Kawu Wendell, ka karanta abin da suka yi maka?"

"Na karanta. Sun ba ni gashi har ƙarshen fim. Ni da na yi sanƙo tun ina saurayi. Me zan ce ban da godiya?"

"Sun jefa ka bayan jama'a! Sun mai da Mama Zerline muguwa!"

Kaka ta ajiye ludayi. "Uwata fa?"

"Ita. Wai ta kore shi a ƙofar coci."

"Uwata ta kori mutane da yawa a ƙofar coci," in ji Kaka, "amma ban da wannan dogon."

Kawu Wendell ya ci gaba da cin wakensa. "Marceline, zauna ki ci abinci. Fim ne. Shekara nawa kamfanin faifai yana rubuta ni a matsayin direban Emile? Ni da ko fitar da mota daga gareji ban iya ba. Shi ke tuƙi, ni ina gefe ina barci. Ban mutu ba."

"A fim ɗin ma kai ke tuƙi," na ce.

"Kin gani? An ci gaba. Har na iya."

Wannan halin na tsofaffinmu shi ke ƙona min rai. An taka su, an taka su, har sun mai da takun abin dariya, in ka yi fushi a madadinsu kuma sai su miƙo maka cokali. Na ce masa mutanen da za su kalli fim ɗin nan sun ninka waɗanda suka san shi sau dubu, kuma idan shi da Kaka suka bar duniya, abin da fim ya nuna shi zai zama abin da ya faru. Yaran da ke tsoron gaya wa iyayensu ko su wane ne za su kalla, su ce haka dai abin yake ƙarewa kullum, a bayan jama'a.

Ya miƙa kwanonsa. Sai ya ce, "Ƙara min shinkafa, Eulalie."

Washegari na sami Garrett a ofishinsa. Mutumin Los Angeles ne, mai fara'a, irin wanda zai ce maka ya ji ka sarai alhali tunaninsa na wani wuri. Kafin wannan rana abu ɗaya na taɓa cin nasara a kansa. Ya so ya kwaso 'yan wasa daga waje su cika titi ranar ɗaukar hoton jana'iza, na hana shi sakat har ya yarda a ɗauki mutanen unguwa, da 'yan badujalarmu, da Mista Cleophas, madugun da ke jan jana'iza a unguwar tun kafin a haifi uwata. Garrett ya yarda ne don ya ce fuskokinsu za su yi kyau a kamara.

"Marceline, na fahimce ki," in ji shi. "Amma kina da hoto?"

"Ambaliya ta cinye hotunan, kamar yadda ta cinye na kowa. Ina da mutanen da suka tsaya a wurin."

"Tsofaffi sukan gyara abin da suka tuna. Kuma ki duba, wa zai yarda cewa tsohuwa mai bin coci, a wancan zamanin, za ta yi haka? Ni ina so in nuna wahalar da irin su Wendell suka sha. Ina gefenku fa."

"Wahala kake nema? Zo in ba ka, buhu-buhu. Kamfanin faifai ya sa Emile ya riƙa ɗaukar hoto da matan da bai san sunansu ba. Waƙar da ya yi wa Wendell, sai da suka sa ya canja sunan ya zama na mace. A asibiti an hana Wendell shiga wurinsa, wai ba dangi ba ne. Mama Zerline kanta ta yi shekaru ba ta kiran sunansa, sai dai 'wancan dogon'. Duk ka sa, ba zan ce uffan ba, sun faru. Amma matar nan ta yi tafiya mai nisa kafin ta kai ga riƙe hannunsa, kai kuma ka zo da biro ka mayar da ita inda ta taso, don kana son masu kallo su yi kuka. Ba gefenmu kake ba, gefen hawaye kake."

Da na tsaya a nan, da wataƙila mun rabu lafiya. Ban tsaya ba. Na gaya masa ra'ayina game da fina-finansa na baya, ɗaya bayan ɗaya. Da yamma aka kira ni aka ce kamfani ya gode da gudummawata, kuma ba a buƙatar in zo wurin ɗaukar hoton jana'iza.

Abin da suka manta shi ne a titinmu za a ɗauka, barandar Kaka kuma tana kallon mahadar da jerin zai tsaya. Ba wanda ya isa ya kore ni daga kujerar kakata.

Ranar da safe muka jera mu uku. Kawu Wendell ya ce shi kallon banza kawai ya zo, amma ya sa baƙar kwat ɗinsa da farin hankici a aljihun ƙirji. Kaka ta dube shi sama da ƙasa.

"Kallon banza da kwat?"

"Tela ne ni. Ba na fita kamar ke."

Titi ya cika. Ga motar gawa da akwati wanda babu komai a ciki, ga 'yan badujala cikin fararen huluna, ga Mista Cleophas a gaba da ɗamararsa da hularsa a hannu. Matan cocinmu sun fito da laimominsu, rabinsu sun halarci jana'izar ta gaske. Tobias, ɗan wasan da ke fitowa a matsayin Wendell, saurayi mai ladabi da gashi cike da kai, an kai shi can baya an tsayar.

Garrett ya ba da umarni ta lasifika. Ganga ta buga, aka fara taken makoki, jeri ya motsa a hankali. Tobias ya sunkuyar da kai, ya fara kukansa. Ya iya kuka, ba laifi. Matar da ke gabansa ta waiwaya, ta gan shi, ta matsa gefe.

"Wuce gaba, ɗana."

Ya girgiza kai. Wata ta dafa bayansa. "Wuce mana, nan ba wurinka ba ne." Ta tura shi ga ta gabanta, ta gabanta ta tura shi ga na gaba. Yaron nan yana ta raɗa musu cewa an ce ya tsaya a baya, su kuma suna miƙa shi hannu zuwa hannu kamar faranti a wurin biki. Kafin a kai rabin titi sai ga shi dab da akwati, kusa da matar da ke fitowa a Mama Zerline, yana zare ido.

"Tsaya! Tsaya!" in ji lasifika.

Kaka ta yi dariya har da tari. Ni kuwa na rantse ban haɗa baki da kowa ba, ko da yake da na yi tunanin hakan da na yi.

Garrett ya sauko ya yi musu bayani cikin haƙuri: wannan mutumin an kore shi ne, a baya zai tsaya, kada kowa ya taɓa shi. Wata tsohuwa ta ce, "Wa ya kore shi?" Ya ce uwar mamacin. Sai gunaguni ya tashi, amma an biya su kuɗin yini, an kuma yi musu alkawarin abincin rana, suka koma wurarensu. Na ce wa Kaka, "Kin gani ko? Haka muke. Faranti ɗaya na kaza ya isa a sayi tarihinmu."

"Rufe bakinki ki yi kallo," in ji ta.

Aka sake. Wannan karon Tobias ya tsaya a baya, matan suna tafe suna harararsa ta gefen ido kamar wanda ya zo coci ba takalmi. Jeri ya iso mahadar gaban gidanmu. A nan ne ake sakin mamaci: madugu ya juya ya dubi sahun gaba, wanda aka yi wa rashi ya ɗaga farin hankici, sai 'yan badujala su bar makoki su kama kiɗan rawa. Garrett ya san da kiɗan rawar, shi yake jira ya rufe fim ɗinsa. Hankicin ne bai sani ba. Yana cikin bayanin da na rubuta masa, wanda bai karanta ba.

Mista Cleophas ya juya. Ya dubi sahun gaba. Ya tsaya.

'Yan badujala suka ci gaba da makoki, idonsu a kansa. Suka kai ƙarshen taken, suka koma farko.

"Yanzu! Ku canja kiɗa!" in ji lasifika.

Ba wanda ya canja komai. 'Yan badujalarmu ba sa karɓar umarni daga lasifika in madugu yana tsaye.

Garrett ya taho da sauri. "Mista Cleophas, lafiya?"

"Wa zai sake shi?"

"Sake wa?"

"Mamacin. Ba a sake shi ba."

"To, uwarsa ta sake shi. A ba ta hankici."

"Uwa tana sakin ɗan da bai da kowa," in ji Mista Cleophas. "Wanda ya bar abokin zama, abokin zamansa ke sakinsa. Emile ba gwauro ba ne. Ni na ja ta gasken, yaro, ba zan ja ta ƙarya ta fi ta gasken rashin mutunci ba."

"Akwatin fa babu kowa a ciki!"

"Sunan wa ke jiki?"

Bai jira amsa ba. Ya ɗora hularsa a ƙirji, ya tako a hankali, irin takun nan nasu na jana'iza, ya tsallaka titi, ya tsaya a gindin matakalar barandarmu, yana kallon Kawu Wendell. Duk titi ya juyo. Makoki na ta tafiya.

"Cleophas, kada ka jawo ni cikin shirmen nan," in ji Kawu Wendell. "Na riga na sake shi sau ɗaya."

Mista Cleophas bai motsa ba.

Na buɗe baki zan yi jawabi, don ina da shi a shirye, Kaka ta take min ƙafa. Ta miƙe, ta gyara hularta, ta damƙi hannun Kawu Wendell a daidai gwiwar hannu.

"Tashi, dogo."

"Eulalie, gwiwata."

"Uwata ba ta tambayi gwiwarka ba, ni ma ba zan tambaya ba."

Ya dubi akwatin da ke tsakiyar titi, rana ta fara dukansa. Ya yi tsaki. "Sun shanya shi a rana," in ji shi. "Emile da ba ya son zafi."

Ya tashi. Suka sauka tare, jama'a suka buɗe musu hanya ba wanda ya ce su buɗe. Na ga Garrett ya ɗaga hannu zai tsayar da ɗauka, sai matar da ke riƙe da kamara ta girgiza masa kai ba tare da ta ɗago ido ba. Kawu Wendell ya isa bayan motar. Ya dafa akwatin, ya ce wani abu da ba wanda ya ji. Sannan ya zaro hankicin, ya ɗaga shi sama.

Babbar ganga ta fashe. Ƙahoni suka ɗauka gaba ɗaya, laimomi suka tashi sama, tsofaffin da ɗazu ke jan ƙafa suka kama juyi. Matan coci suka sake miƙo Tobias gaba, wannan karon bai yi gardama ba, ya zo ya tsaya kusa da mutumin da yake kwaikwayo yana kuka na gaske. Kawu Wendell ya ba shi hankicin.

"Share fuskarka. Ban yi kuka haka ba ranar, kwat ɗin sabuwa ce."

Ni ma na sauka na shiga rawa. Har Garrett sai da aka ja shi ciki, ya yi wani abu da ƙafafunsa wanda ba zan kira rawa ba.

Litinin ta gaba sai ga Garrett a barandarmu, hula a hannu. Kaka ta zuba masa wake. Ya ce ya kalli abin da aka ɗauka har ya gaji da kallo, zai sake rubuta ƙarshen: Mama Zerline za ta ratsa jama'a ta jawo Wendell gaba, shi kuma zai ɗaga hankici. Ya ce bai taɓa ganin abin da ya yi kyau a kamara kamar wannan ba.

"Ka ji ko?" na ce. "Kyau a kamara. Wata da watanni ina gaya maka gaskiya ce, ba ka ji ba. Da ta zo da muni fa? Da sai a bar ƙaryar?"

Sai ya ce, "Wataƙila." Wannan kaɗai ce maganarsa da na taɓa girmamawa. Har yau ina kan bakana: bai kamata sai gaskiyar mutum ta yi kyau a hoto kafin a ba shi ita ba. Mun ci sa'a ne tamu ta zo da ganga da laima.

Ya mai da ni aiki. Na sa aka maido da maganar asibiti, da shekarun "wancan dogon", don ba na son a mai da Mama Zerline waliyyiya kamar yadda ban so a mai da ita muguwa ba.

Da fim ya fito, mun kalle shi a sinimar unguwa, Kawu Wendell a tsakiyarmu. Da aka zo wurin da tsohuwar ta damƙo hannun Tobias, sai na ji ya kama nawa hannun, ya matse.

Amma muna fitowa na tuna. A tsakiyar fim ɗin har yanzu ga Wendell nan a bayan sitiyari, hannu ɗaya a taga, yana sheƙa gudu da Emile a kan hanyar Memphis.

"Wannan ma ƙarya ce," na ce. "Gobe zan kira Garrett. Kafin a kai shi talabijin sai an yanke wurin."

"Farfesa," in ji Kawu Wendell, "kin maido ni sahun gaba, na gode. Motar kuma ki bar min ita. Kin ga yadda na sha kwanar nan?"